Fentin lailak mai sanyi a cikin gida: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu son shafa wa ɗakunansu lailak, tun daga wanda bai taɓa jin sunan ba har zuwa wanda ya riga ya shafa yana cizon yatsa. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta taɓo wata an nuna.

Wane launi ne lailak, kuma me ake nufi da mai sanyi?

Shunayya ce da aka sirka da fari sosai har ta yi haske, tana ɗan karkata wajen ruwan hoda. An samo sunan daga furen wata ƙaramar itaciya wadda asalinta yankin Balkan ne a kudu maso gabashin Turai. Ita kanta kalmar daga Farisanci ta taso, inda take nufin abu mai shuɗi-shuɗi, ta bi ta Larabci kafin ta shiga harsunan Turai.

Idan aka ce mai sanyi, ana nufin an kashe masa kaifi da ɗan ruwan toka. Wannan tokar ita ce ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Lailak da babu toka a cikinsa yana da kyau a jikin fure ko ƙyalle, amma a bango huɗu yana cika ido, ya gajiyar da mai zama. Wanda aka kashe wa kaifi kuwa, kana shiga ɗakin sai ka ɗan tsaya kana tambayar kanka: toka ce wannan ko shunayya? To wannan ɗan kokwanton ake nema.

Mene ne bambancinsa da lafanda da mob?

Lafanda ta fi jingina da shuɗi, lailak ya fi jingina da ruwan hoda, mob kuma ya fi su duhu da toka. Mob yana da tarihi mai daɗin ji: a 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro na kwinin, sai ya ƙare da rini mai launin shunayya wanda aka sa wa suna mob. Kafin nan shunayya mai kyau sai masu hannu da shuni, kuma a zamanin da can daga wasu dodon-koɗin teku ake tatso ta a gaɓar Bahar Rum.

Amma kada ka dogara da suna a wurin saye. Abin da wani kamfani ya kira lailak, wani zai kira shi lafanda. Lambar launi ta fi suna gaskiya. A tsarin lambobin launi da ake kira NCS, misali, lamba irin S 1010-R50B tana gaya maka abu uku: baƙi kashi 10, ƙarfin launi kashi 10, sannan launin yana tsakiyar ja da shuɗi daidai. Idan lambar da ke tsakanin R da B ta yi ƙasa, kamar 30 ko 40, launin ya matsa wajen hoda. Idan ta haura 60 ya matsa wajen shuɗi. Idan ƙarfin launin ya wuce 20, to ka fara fita daga sahun mai sanyi.

Me ya sa launin da na zaɓa a kati ya fi ƙarfi da aka shafa a bango?

Katin bai fi tafin hannu ba, kuma yawanci farin takarda ne ke kewaye da shi. Bango kuwa faɗi gare shi, kuma bangaye huɗu suna jefa wa juna haske, kowane yana ƙara wa ɗan'uwansa launi. Shi ya sa kusurwoyin ɗaki suka fi ko'ina nuna shunayya.

Dabarar ita ce, idan ka ga wanda ya burge ka a kati, ka matsa mataki ɗaya ko biyu zuwa wanda ya fi shi toka. Wanda ka raina a kati, ka ce ai wannan toka ce kawai, sau da yawa shi ne zai fito lailak na gaske a bango. Hoton waya kuma ba abin auna launi ba ne ko kaɗan, domin kowace waya da irin hasken allonta.

Yaya zan gwada launin kafin in sayi mai yawa?

Sayi ƙananan gwangwanaye na launuka biyu ko uku da suke kusa da juna. Nemi farin kwali ko falle na katako mai faɗin kamar rabin mita ta kowane gefe, ka yi masa hannu biyu har bakin-bakinsa, kada ka bar farin gefe. Idan ya bushe sarai, ka riƙa yawo da shi: ka jingina shi kusa da taga, ka kai shi lungun da ya fi duhu, ka ajiye shi bayan kujera, ka sauke shi dab da ƙasa inda zai haɗu da tayil ko kafet. Ka dube shi da safe, da tsakar rana, da yamma, da kuma dare bayan an kunna fitila. Kwana biyu ko uku sun isa.

Kwali ya fi shafawa kai tsaye a bango, saboda tsohon fentin da ke kewaye yana yaudarar ido. A kan bango mai ruwan ɗorawa lailak zai nuna kamar ya fi yadda yake shunayya. Wannan ba sabon sani ba ne. Chevreul, masanin kimiyya ɗan Faransa da ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta Paris, ya yi bayaninsa tun 1839: launi biyu idan suka yi maƙwabtaka, kowane yana canza yadda ido ke ganin ɗayan.

Shin inda taga ta fuskanta yana da tasiri?

Ƙwarai kuwa, kuma lailak ya fi yawancin launuka jin wannan, don yana zaune ne a kan iyakar ja da shuɗi. Kowane haske ya zo sai ya ja shi gefensa. Ɗakin da tagarsa ke kallon gabas yana samun haske mai ɗumi da safe, launin ya yi hoda-hoda, da rana ta juya kuma ya koma toka. Mai kallon yamma akasin haka ne, kuma jan hasken faɗuwar rana na iya mayar da shi ruwan hoda sosai na ɗan lokaci.

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, tagar arewa ba ta cika samun rana kai tsaye ba, haskenta mai shuɗi-shuɗi ne, don haka a zaɓi lailak mai ɗan ja a ciki don kada ɗakin ya yi sanyi ƙalau. A kudancin duniya tagar kudu ce ke da wannan hali. Kusa da tsakiyar duniya kuwa rana na sauya gefe a cikin shekara, sai gabas da yamma su fi zama abin lura. Akwai kuma abin da ke wajen tagar: koren ganye yana dusashe lailak, jan bangon maƙwabci kuma yana tura shi wajen hoda.

Wane irin ƙwan lantarki ya dace da shi?

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, ni ma a nan na taɓa faɗuwa. Na shafa wa wani ƙaramin ɗaki lailak da na yi kwanaki ina zaɓe, da rana kamar ka lashe bangon don kyau. Dare na yi aka kunna ƙwai mai jan haske, sai ga bango ya koma wani irin ruwan hoda mai datti, kamar tsohon zanen gado da ya sha wanki. Har na fara lissafin sake saye, sai na canza ƙwan kawai, launin ya dawo.

Dalili shi ne, haske mai rawaya ba shi da isasshen shuɗi a cikinsa, kuma bango ba ya iya mayar wa ido abin da bai samu ba. Duba lambar da ke jikin kwalin ƙwan mai harafin K. Mai 2700K yana da rawaya sosai, yana cinye shuɗin lailak. Mai 6500K yana da shuɗi sosai, yana mayar da ɗaki kamar ɗakin jiran asibiti. Tsakanin 3000K da 4000K ne launin ya fi tsayawa a kan asalinsa. Idan kwalin ya nuna lambar CRI ko Ra, nemi 90 zuwa sama, domin ita ke nuna yadda ƙwan ke fito da launuka da gaskiya. Kuma kada a gauraya ƙwai iri-iri a ɗaki ɗaya, in ba haka ba bango ɗaya zai zama launi biyu.

A wane ɗaki ya fi kyau?

Ɗakin kwana ne gidansa na farko, sai ɗakin karatu da falon da ba a cika hayaniya a cikinsa ba. A banɗaki yana haɗuwa da farin tayil lafiya lau, sai dai a tuna cewa madubi zai ɗan ɗebi launin bangon ya zuba a fuskar mai kallo. A kicin na fi son ganinsa a jikin ƙofofin kabad fiye da bango. Lungun da babu taga kuwa sai an yi hattara, don a can ƙwan lantarki ne kaɗai ke mulki. Koma ga amsar da ta gabata.

Maigidana ya ce launin ɗakin yara mata ne. Yaya zan yi kada falon ya yi kama da haka?

Yana da 'yar gaskiya, amma laifin ba na lailak ba ne shi kaɗai, na abokan tafiyarsa ne. Idan kika haɗa shi da ruwan hoda, da farin leshi, da labule mai furanni da sheƙi, to lallai ɗakin yara kika yi. Ki ba shi abokai masu nauyi: teburi na katako mai duhu, kujerar fata ruwan ƙasa, firam ɗin hoto baƙi, fitila mai ƙafar ƙarfe, kafet mai kauri ruwan toka ko ruwan ƙasa. Abu ɗaya baƙi ko mai duhu sosai a ɗakin yana isa ya ɗaure launin.

Sannan ki zaɓi wanda tokarsa ta fi yawa, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta uku. Ki yi gwajin kwalin nan, ki jingina shi a bango ba tare da kin ambaci sunan launin ba. Sau da yawa sunan ne ke korar mutum, ba abin da idonsa ya gani ba.

Wane fari zan sa a silin da ƙofofi da gindin bango?

Ba kowane fari ne fari ba. Ruwan madara mai rawaya sosai, idan ya zauna kusa da lailak, sai ya yi kamar ya tsufa ya yi datti, shi kuma lailak ya ƙara kaifi, domin rawaya da shunayya kishiyoyin juna ne a da'irar launuka. Fari tas mai shuɗi-shuɗi kuma yana yanka ido, ya sa bangon ya yi sanyi fiye da kima. Abin da ya fi zama lafiya shi ne fari mai laushi wanda aka ɗiga wa toka kaɗan.

Akwai wata hanya da nake so a ƙananan ɗakuna: a shafe bango da ƙofa da gindin bango duk da launi ɗaya, a bambanta su da sheƙi kawai. Ido ba ya samun layin da zai tsaya a kai, sai ɗakin ya yi kamar ya ƙara faɗi.

Waɗanne launuka ne suke tafiya da shi?

Kore mai toka-toka, irin na ganyen zaitun, shi ne na gaba-gaba a wurina; fure da ganyensa ai ba sa faɗa. Tukunyar shuka guda ɗaya ma tana yin wannan aiki. Sai ruwan toka mai ɗumi, ruwan ƙasa mai haske, shuɗi mai duhu, da shunayya mai duhu sosai ga mai son ya tsaya a dangi ɗaya. Rawaya mai duhu ko ruwan goro da ya ƙone suna tayar da ɗakin, amma a matashin kujera ɗaya ko biyu, ba a labule gaba ɗaya ba. Ja wur da kore shar su ne na fi gudu.

Masu adon gida suna da wani ma'auni da suke kira 60-30-10: kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama babban launi, 30 na biyu, 10 kuma na ƙyalli. Ba doka ba ce, amma tana taimaka wa mai farawa. Kuma ba dole lailak ya zama shi ne 60 ɗin ba. Wanda yake ɗari-ɗari zai iya ba shi bango ɗaya, ko bayan kantar littattafai, ko silin kaɗai.

Katako da ƙarfe da tayil fa?

Katako mai haske da mai duhu sosai duk suna karɓarsa. Wanda ke ba da wahala shi ne katako mai ja ko ruwan lemo da aka shafa wa mai sheƙi, don yana takara da bangon. Idan daɓen ɗakinka irin wannan ne, shimfiɗa babban kafet mai launi marar hayaniya ya shiga tsakani. A ƙarfe, tagulla da ruwan zinare marar ƙyalli suna ɗumama ɗakin, azurfa tana ƙara masa sanyi, baƙi kuma yana tafiya da kowane hali. Tayil ruwan madara mai rawaya yana da matsala iri ɗaya da wadda aka faɗa a kan farin silin.

Mai sheƙi zan saya ko marar sheƙi?

Laushin wannan launi a marar sheƙi yake fitowa, kamar an barbaɗa hoda a bango, kuma yana ɓoye ƙananan tabo da rashin daidaiton filasta. Matsalarsa ita ce ba kowane iri ne ke jure goga ba. Inda yara ke wasa, ko hanyar wucewa, nemi marar sheƙi da aka rubuta cewa ana wanke shi, ko mai ɗan sheƙi kaɗan irin na ɓawon ƙwai. Kicin da banɗaki suna son wanda aka yi don jure tururi. Mai sheƙi sosai a bar wa ƙofa da katako, don a bango yana tona duk wani aibi, kuma yana sa launin ya fi ƙarfi.

Lita nawa zan buƙata?

Fentin ruwa na cikin gida yakan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 da lita ɗaya a hannu ɗaya, idan bangon sumul yake; ainihin adadin yana rubuce a jikin bokiti. Ɗauki ɗaki mai mita 4 ta kowane gefe, tsayinsa mita 3. Kewayensa mita 16 ne, sau 3 ya ba da 48. Cire kamar 4 na ƙofa da taga, saura 44. Hannu biyu ya zama 88, ka raba da 11, ka samu lita 8. Ƙara ɗaya don gyare-gyaren gaba. Bango mai kaushi ko sabuwar filasta suna shan fiye da haka.

Sayi duka a lokaci ɗaya. Idan bokiti biyu ne ko fiye, juye su a babban mazubi ka gauraya kafin a fara. A launi mai haske irin wannan, ɗigo kaɗan na bambanci a wurin haɗawa yana fitowa ƙarara a tsakiyar bango.

Wane shiri bango yake buƙata kafin a shafa?

A wanke ƙura da maiƙo, a cike ramuka da tsaguwa, a goge da samfefa, a share garin. Idan tsohon fentin mai duhu ne, ko rawaya, ko ja, sai an fara yin shafin ƙasa fari, wato fentin share fage da ake sawa kafin na ainihi, in ba haka ba zai leƙo ta ƙarƙashi ya gurɓata launin. Sabuwar filastar siminti tana buƙatar kamar mako 4 ta bushe, kuma tana son shafin ƙasa mai jure kaifin siminti, don wannan kaifin yana cin launi ya bar dabbare-dabbare. Bangon da ke tsattsafo da danshi kuwa, a gyara tushen ruwan tukuna. Babu fentin da zai rufe shi ya daɗe.

A tsofaffin gidaje akwai haɗarin fenti mai gubar dalma. Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan nan ana sayar da shi. Kada a kankare irin wannan a bushe, musamman inda akwai yara ko mai juna biyu. Tsakanin hannu na farko da na biyu a jira abin da bokiti ya ce, yawanci awa 2 zuwa 4, kuma a bar tagogi a buɗe. Kada hannu na farko ya tsorata ka. Kullum yana fitowa da zane-zane.

Zan iya haɗa launin da kaina daga farin fenti?

Za ka iya, amma ba na ba da shawarar haka ga ɗaki guda cur. Ana ɗiga shunayya a fari, ko ja mai hoda-hoda da shuɗi, sannan a kashe kaifin da ɗigon baƙi ko ɗigon rawaya mai ƙasa-ƙasa. Wahalar ba a samun launin take ba, a maimaita shi take. Ranar da fenti ya ƙare saura rabin bango, ko bayan wata shida ka so gyara wani tabo, ba za ka sake dacewa da shi daidai ba. Injin haɗa launi yana aiki da lamba, kuma lambar tana nan ko bayan shekaru. In dai ka nace, ka auna da sirinji, ka rubuta komai, ka haɗa fiye da buƙata, kuma ka yanke hukunci bayan gwajin ya bushe, don jiƙaƙƙen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba.

Yana koɗewa? Yaya zan kula da shi?

Bangon da rana ke duka kai tsaye kullum zai koɗe a hankali, kuma sau da yawa jan da ke ciki ne ke fara tafiya, sai wurin ya koma toka mai shuɗi-shuɗi. Labule mai shara-shara yana rage wannan. Kada a wanke sabon fenti sai ya yi mako 2 zuwa 4, don bushewar sama daban, ƙanƙamewa daban. Bayan nan, soso mai laushi da ruwa da ɗan sabulu sun isa, a dangwala a hankali. Gurzawa tana barin wuri mai sheƙi a fenti marar sheƙi. Ragowar fentin a zuba a ƙaramin mazubi mai murfi gam, a rubuta lambar launin da sunan ɗakin a jiki.

Na riga na shafa, kuma ya fi ƙarfin da nake so. Sai na sake daga farko?

Dakata tukuna. Ɗakin da babu kaya a ciki yana nuna launi fiye da yadda zai kasance, don babu abin da ke katse bangayen. Mayar da kujeru da labule da hotuna, ka ba idonka mako guda. Sannan duba ƙwan lantarkin kamar yadda aka yi bayani a sama, ka kuma duba ko akwai wani abu mai rawaya, labule ko kafet ko farin silin, da ke zuga shunayyar. Cire shi na kwana ɗaya ka gani.

Idan duk da haka bai kwanta maka ba, mayar da bango biyu ko uku zuwa fari mai toka, ka bar lailak a bangon da ke bayan gado ko bayan babbar kujera. In kuwa canza shi gaba ɗaya za a yi, tunda launi ne mai haske ba ya buƙatar shafin ƙasa: hannu biyu na wanda ya fi shi toka za su rufe shi, wani lokaci ma hannu ɗaya idan launukan suna kusa da juna.